Takarda biyu a kan jini ɗaya

Ɗiyar yayana marigayi, wadda nake riƙo tun tana aji uku na firamare, tana da takardun gwajin jini guda biyu a cikin jakar takardunta na makaranta. Ɗaya ta ce AA, ɗaya ta ce AS. Ta farkon an yi mata ita ne lokacin shiga sakandare, a wani ɗan shago da ya haɗa sayar da magani da gwaji. Ta biyun kuma lokacin rajistar jami'a. Shekaru takardun suna kwance babu wanda ya waiwaye su, har da ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare shekara 19 ke nan. Wannan sakacin nawa ne, kuma har yanzu yana damuna.

Sai da maganar aure ta taso. Yaron da ke nemanta ɗan Anguwar Rogo ne, mai ladabi, yana gyaran sola, kuma ran da ya zo gaishe ni shi da bakinsa ya ce, "Baba, gara in faɗa tun yanzu, ni AS ne." Daren nan ban yi barcin kirki ba, don AS da AS in sun yi aure suna iya haifar SS, wato mai amosanin jini da ake kira sikila. Mu a gidanmu mun san amosanin jini ba a takarda ba. Ƙanena ya rasu yana da shekara tara, bayan ya sha kwanan kuka da ciwon ƙashi duk lokacin da sanyin Jos ya sauko. A lokacin tsofaffi cewa suke yi iska ce, wasu su ce sammu.

Wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatancen wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin gari. Ba zan kama sunansa ba, don kada a ce talla nake yi, kuma don sirrin yarinyar. Amma zan faɗi abin da na gani dalla-dalla, don duk wanda zai kai ɗansa ko ƙanwarsa gwaji ya san abin da zai tambaya a kowane wuri ya je.

Mun tafi ranar Asabar cikin watan Janairu, mu uku, da ni da ita da yaron. Mun hau keke daga titin Bauchi, mun isa wajen takwas da rabi, muka tarar da mutum goma sha a kan benci. Ɗakin jiran ƙarami ne, tagoginsa na fuskantar iska, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi. Akwai tsafta, wannan kam ba musu. Ƙasa a goge, kwandon shara da murfi, ban ɗaki da ruwa. Amma lamba ba a bayarwa, sai dai kowa ya riƙe fuskar wanda ya riga shi, kuma sau biyu na ga an shigar da wanda ya zo bayanmu saboda sanayya. Mun yi awa ɗaya da minti ashirin kafin a kira mu.

A kanta aka ba mu zaɓi biyu. Akwai gwajin da aka saba, wanda ake ɗiga jini a kan wata 'yar takarda a saka mata wutar lantarki, nau'o'in sinadarin jan jini su rarrabu kowanne ya tsaya a layinsa. Wannan naira 3,500 ne. Akwai kuma na injin da suke kira HPLC, naira 15,000 kowane mutum. Yarinyar da ke kanta ba ta iya bayyana bambancin ba, cewa kawai ta yi "mai tsadan ya fi kyau." Sai da na nemi a kira mai gwajin. Ya fito da safar hannu, bai nuna gajiya ba, ya ce gwajin takarda yana da kyau idan an yi shi da ƙa'ida, wato a jera jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatance, wuta kuma ta tsaya daram har a gama. Idan wuta ta yi rawa, ko aka yi tsimin kayan aiki, layukan sai su haɗe, mai karantawa ya rubuta abin da idonsa ya ba shi. Ya ce ta nan ake samun takarda biyu a kan jini ɗaya. Shi kuwa injin, auna kowane nau'i yake yi ya fitar da adadinsa cikin ɗari, har ya nuna alamar wasu larurorin da takarda ba ta cika kamawa ba.

Ya kuma ja mana kunne a kan wani gwaji mai araha da wasu ke yi su kira shi jinotayif, alhali duba kawai yake yi ko jini yana lanƙwashewa kamar lauje. Wannan ba ya bambanta AS da SS, kuma ba ya ganin wani nau'in sinadarin jinin da ake kira C sam. Na biya wa su biyun na injin, naira 30,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina. Tsadar ta yi yawa ga talaka, kuma ina ganin ya kamata su yi rangwame ga masu zuwa bibbiyu don aure.

Kafin a ɗebi jinin an tambaye su ko an yi musu ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce, don jinin wani yana iya ɓoye na mutum a gwaji. A wurare biyun da aka yi mata a baya, yarinyar ta ce babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya. An buɗe sabuwar allura a gabanmu, aka rubuta suna a jikin kwalba tun jinin yana hannun mai ɗiba, aka nuna wa kowa tasa ya tabbatar. Wannan ƙaramin abu ne, amma ni da na san cewa musayar kwalba kaɗai tana iya ɗaura auren da za a yi shekara ashirin ana jinya a cikinsa, ya kwantar mini da hankali.

Sun ce Litinin. Mun je Litinin aka ce sai Laraba, wai sai an tara jini da yawa kafin a tayar da injin saboda tsadar sinadarai. Da sun faɗa tun farko da ba mu yi asarar kuɗin keke ba. Wani abin da ya fi wannan ɓata mini rai shi ne yadda na ji ana kiran wata mata daga kanta da ƙarfi, "Mai SS ɗin nan, zo ki karɓa." Kowa ya juya ya dube ta. Na yi wa shugabar wurin magana a kan haka, ta karɓa, ta ba da haƙuri. Ko an gyara, sai na koma zan gani.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa, a ɗaki na ƙarshe ya faru. Duk wanda ya yi gwajin aure ba a miƙa masa ambulan a kanta, sai an shigar da shi wurin wata ma'aikaciyar jinya da ke ba da shawara. Dattijuwa ce 'yar asalin Filato, Hausarta irin tamu ta Jos. Ta tambayi yarinyar ko tana so in zauna, ta ce e. Sai ta buɗe takardar, ta nuna mata zanen da injin ya fitar, tudu biyu, babba da ƙarami. Babban A ne, ƙaramin S, kashi 38 cikin 100. Yaron ma AS kamar yadda ya faɗa. Takardar shagon nan ta farko ita ce ta yi kuskure.

Yarinyar ba ta yi kuka nan take ba. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Anti, mu me muka yi? Me ya sa wannan abu ya cika jininmu mu baƙar fata?"

Na zata za a ba ta haƙuri a sallame mu. Matar sai ta tashi ta nuna taswirar Afirka guda biyu da ke manne a bango, waɗanda na ɗauka ado ne. Ɗaya ta wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, ɗaya ta wuraren da S ya fi yawa. Kamar an ɗora ɗaya a kan ɗaya aka kwafa. Ta ce, "'Yata, wannan S ɗin da kike gani, shi ya raya kakanninki suna jarirai." Daga nan ta ba mu labarin wani likita mai bincike da ake kira Anthony Allison. Na koya wa yara gadon sikila a allo ba adadi, da akwatin nan mai gida huɗu da ake zanawa don nuna abin da 'ya'ya za su gada daga uwa da uba, amma ban taɓa sanin mutumin ba. Da na dawo gida na yi kwana uku ina bin labarinsa a intanet.

An haife shi a Afirka ta Kudu a 1925, ya girma a gonar mahaifinsa a tsaunukan Kenya, kuma shi kansa ya sha zazzaɓin cizon sauro yana yaro. A 1949, yana ɗalibin likita a jami'ar Okisfod ta Ingila, ya bi wata tawagar bincike zuwa Kenya, aikinsa ɗibar jinin ƙabilu daban-daban. Rukunin jini ya je dubawa, amma sai wani abu daban ya ja hankalinsa. Mutanen bakin teku da na gaɓar tafkin Biktoriya, fiye da kashi 20 cikin 100 suna ɗauke da S. Mutanen kan tudu, inda ake sanyi, bai kai kashi 1 ba. Mu 'yan Jos wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ana zazzaɓi a nan ma, amma wanda ya taɓa kwana a Shendam ko Lafiya da damina ya san sauro suna suka tara.

Tambayar da ta hana shi sakat ita ce wadda kowane manomi zai gane. Irin da ba ya kai wa ga girbi, ƙarewa yake yi. A wancan zamani yaran SS kusan duka suna rasuwa kafin su kai aure, wato kowane ɗaya yana tafiya kabari da S guda biyu. In haka ne, da tuni S ya ɓace daga jinin mutane. Me ke mayar da shi? Ya yi tunanin dole akwai wata riba da mai AS yake da ita a kan mai AA, ribar da ta kai ta biya wannan asara. A shekarar 1949 ɗin dai, wani masani ɗan Birtaniya, Haldane, ya yi irin wannan hasashe a kan wata cutar jini ta mutanen bakin Bahar Rum, amma hasashe ne ba hujja ba.

Allison ya koma Gabashin Afirka a 1953 don neman hujjar. Ya duba jinin yara a Yuganda, ya tarar masu AS ba su cika ɗaukar ƙwayar zazzaɓin kamar sauran ba, in ma sun ɗauka ba ta yawa. Ya auna mutum kusan 5,000 daga ƙabilu da dama, ko'ina S yana bin sawun sauro, a wasu wurare har kashi 40 cikin 100. Sannan akwai gwajin da ya tsaya mini a rai: aka sa wa maza 30 'yan ƙabilar Luwo ƙwayar cutar da gangan. Cikin 15 marasa S, 14 suka kamu. Cikin 15 masu AS, biyu kawai. An ba su magani daga baya, amma zamanin mulkin mallaka ne, kuma ina tunanin yadda aka nemi yardar waɗannan mutane. Ilimin da ake karantarwa a duniya yau da jikinsu aka same shi, sunayensu kuwa babu a littafin da nake koyarwa da shi. Ya wallafa sakamakon a mujallar likitocin Birtaniya a 1954. Daga baya ya karkata zuwa binciken garkuwar jiki, shi da matarsa suka yi aikin samar da maganin CellCept da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ya rasu a 2014.

Abin da ya fi burge ni, kuma matar ce ta fara ambata shi, shi ne cewa an ga wannan lamari ƙiri-ƙiri a ƙasar Hausa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, ba ta Abuja ba, Garkin da ke Jigawa yanzu, lokacin tana cikin jihar Kano. A can an tarar kashi 24 cikin 100 na jarirai AS ne, amma cikin waɗanda suka wuce shekara biyar, kashi 29. Jinin mutum ba ya sauyawa. Abin da ya faru shi ne yaran AA sun fi mutuwa da zazzaɓi, sai kason masu AS ya ƙaru a cikin waɗanda suka rage. Jariran SS kuwa kusan 2 ne cikin 100, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ɗaya. Na karanta waɗannan alƙaluma na ajiye wayar, don ƙanena nake gani a cikinsu.

Lissafin ma mai sauƙi ne, na yi shi da ɗalibaina a makon. Idan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana aure babu gwaji, aure ɗaya cikin 16 zai haɗa AS da AS. Kowace haihuwa a irin wannan aure tana da ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ka ga jariri ɗaya cikin 64 ke nan, kusa da abin da aka gani a Garki. Shi ya sa ake ƙiyasin ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Akwai ma ɗan ƙasarmu, Charles Rotimi, haifaffen birnin Benin da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, wanda shi da abokin aikinsa suka bi diddigin S a 2018, suka ce daga mutum ɗaya ya faro, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin Sahara tana da ruwa da ciyawa. Duk mai S a Jos da Kano da Legas da Indiya, in lissafinsu ya tabbata, kakansu ɗaya.

Ni Musulmi ne, kuma ban ga abin da ya ci karo da imanina a nan ba. Allah ya sanya wa halittarsa garkuwa daga cutar da ta fi kowace kashe yara a ƙasashenmu, ya kuma ba mu hankalin gane inda garkuwar ke zama jarrabawa. Abin da ba zan ƙara yarda a faɗa a gabana ba shi ne cewa dangin wane "jininsu ba kyau."

Matar ta yi taka-tsantsan a wurare biyu da na yaba. Ta ce kada yarinyar ta ɗauka AS ba ya zazzaɓi, yana yi, kariyar daga mai tsanani ce wanda ke kai yara ga suma da mutuwa, don haka gidan sauro da magani suna nan yadda suke. Sannan ta gyara kuskuren da na sha ji har daga masu ilimi, wai in AS biyu suka yi aure sai su tsaya a 'ya'ya uku, na huɗun ne mai ciwon. Ta ɗauko kwabo biyu daga aljihun teburinta, ta ba kowannensu ɗaya ta ce su wurga tare. Ta ce kowane ciki sabuwar wurgawa ce, cikin baya ba ya tuna na gaba. Akwai gidan da 'ya'ya biyar suka tsira, akwai wanda ɗan fari da na biyu duk SS. Yaron ya wurga sau shida, hannunsa na rawa.

Ba ta ce su rabu ba, ba ta ce su yi aure ba. Yaron ya tambaye ta kai tsaye, "Mama, ke me kika gani?" Ta ce aikinta shi ne kada su fita daga ɗakin da abin da ba su sani ba. Ta faɗa musu abin da rainon mai sikila yake ci na kuɗi da barci, ta kuma faɗa musu cewa yau da rigakafi da magani da kulawa da yawa suna girma su yi karatu su yi aure, ba kamar zamanin ƙanena ba. Ta ambaci cewa Kano ta yi dokar tilasta gwaji kafin aure a 2024, kuma masallatai da coci-coci da yawa a nan suna neman takarda, amma ta ce takardar da aka karɓa saura mako biyu ɗaurin aure, bayan an kai lefe, ba ta da amfanin da za ta yi da a ce tun kafin zuciya ta kamu aka yi. Minti arba'in ta yi da mu, kuma ba a ƙara mana ko sisi a kan kuɗin gwajin ba.

Ƙorafina na ƙarshe shi ne duk takardun bayanin da ke kan teburinta da Turanci suke. Mahaifiyar yarinyar ba ta karanta Turanci, kuma ita ce za ta fuskanci dangi. Na ce mata in ta yarda zan mayar musu da ɗaya Hausa kyauta, da boko da ajami, ta ba ni kwafi na taho da shi.

Idan aka tambaye ni ko in je wurin, zan ce a je, a kuma yi na injin ko da sau ɗaya ne a rayuwa, musamman wanda yake da takardu masu saɓa wa juna ko wanda aka yi wa gwajinsa a shago. A je da wuri, a tambayi ranar da ake tayar da injin, a kuma nemi a shigar da mutum wurin mai ba da shawara ko da sakamakon AA ne.

Maganar auren tana nan a tsaye. Kawun yaron ya aiko cewa zai zo bayan sallar Juma'a mu zauna. Yarinyar ta koma makaranta, tana kirana da dare ta ce, "Baffa, ka ci abinci?" ba ta tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa. Ƙannenta uku da 'ya'yana biyu duk ba a taɓa yi musu gwaji ba, babbansu shekararsa 16. Na fara tara kuɗin, zan riƙa kai su bibbiyu duk ƙarshen wata, in mun fita kafin bakwai da rabi za mu samu benci na gaba.